Muryar Yaya Binta a Bakin Kanal

Talatar nan Yaya Binta ta cika shekara huɗu da rasuwa. Addu'a kawai na so in rubuta mata, amma abin da ya same ni ranar Asabar har yanzu bai sake ni ba.

Daga Kura na hau adaidaita zan je Bunkure gaida kakarmu. Fasinjoji suka sauka, saura ni kaɗai. Ba mu yi nisa ba direban ya saki titi ya bi bakin kanal. Shinkafa dama da hagu, rana tsaka, babu mutum. Na ce, "Malam, ba nan ce hanya ba." Ya ce, "Yau nan ce." Ko waiwayowa bai yi ba.

Yaya Binta ce ta buɗe zauren WhatsApp na matan yankinmu, inda ake tambayar direban da za a amince da shi. Dokarta guda ce: ba a yabon mutum da alamar ɗaga babban yatsa. Sai ki yi magana da muryarki, ki faɗi sunanki da garinku da abin da idonki ya gani. Mata suna mita, wai ta cika tsanani. Takan ce, "Yatsa ba shi da gida. In ya yi ƙarya, ƙofar wa za a buga?" Bayan rasuwarta zauren ya cika ya batse, dokar kuma ta bi mai ita. Yanzu direba kan sa danginsa su jera masa yatsu, a wayi gari ya zama amintacce. Nakan tambayi kaina, da ta ga haka me za ta ce? Ina jin ba za ta ce komai ba, zama za ta yi ta goge su ɗaya bayan ɗaya.

Na tura lambar adaidaitar zuwa zauren: wa ya san wannan? Yatsu suka dinga zubowa daga lambobin da ban sani ba. Ban yarda da ko ɗaya ba. Har na fara auna inda zan faɗa in na yi tsalle, ruwa ko gona.

Sai ga saƙon murya, Inna Hajara ta Bunkure ta tono shi daga tsohuwar ajiyarta. Na kara a kunne.

"Ni ce Binta, daga Kura. Mai wannan lambar Malam Sani ne. Shi yake kai ni asibiti duk Laraba. Ba shi da fara'a, magana ma sai an ja, kada wannan ya tsorata ku. In ya sauya hanya, ya san abin da ya gani. Ku hau, 'yan'uwa."

Tana haki tsakanin kalmomin. Lokacin ciwon ya ci ƙarfinta ne, muna ta yi mata faɗa ta ajiye wayar ta huta.

Daga baya na ji kwalbati ce ta rufta a gaba a kan titin da direban ya saki. An ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Yaya ba ta bar fili ba, ba ta bar gona ba. Maganar da ta ɗora sunanta a kai ta bari, kuma har yau ana hawanta a isa lafiya.

Ban san sanda na sake kunna saƙon a fili ba. Direban ya rage gudu.

"Binta ce ko?"

"Yayata ce."

"Allah ya jiƙanta. Share hawayenki, ƙanwata. Ga Bunkure can."