Kawu Sale da damben 'yan Japan

Jiya ina kallon katun ɗin Japan a waya, sai Kawu Sale, tsohon ɗan damben Sandamu, ya leƙo. Na zaci faɗa zan sha.

Ya ga jarumin yana ta ihu, yana kiran sunan naushin da zai kai. Ya ce, "Wane irin dambe ne wannan? Ka sanar da mutum, shi kuma ya tsaya jiranka? A Sandamu da tuni ka sha ƙasa."

Na ce, "Kawu, ai kirari ne."

Ya yi tsaki ya fita.

Yau da safe, ban gama gaishe shi ba ya ce, "Yaron nan ya kai naushin kuwa?"

'Yan'uwa makallata, wa zai gaya masa har yanzu kirarin yake?