Kaset ɗin Rabon Ruwa

Shekara tara Mainasara ya yi yana share ɗakuna a otal ɗin bakin tafkin Bagauda. Da aka rage ma'aikata a 1987, ya koma noman rani da rakoda guda da wani kaset da baƙo ya manta a ƙarƙashin katifa.

Kaset ɗin babu suna a jikinsa, babu muryar mutum a cikinsa. Fiyano ne zalla, sai ganga da ke sauya taku ba sallama. Matarsa Fatima takan ce, "Malam, wai yaushe mawaƙin zai fara?" Shi kuwa ya haddace shi tas, ya san inda fiyanon ke hawa da inda yake yin shiru kamar an ɗauke wuta.

Su bakwai ne suka haɗa kai suka sayi injin ban-ruwa ɗaya. Da agogo suka fara rabo, har ranar da aka kama wani yana murza nasa baya. Daga nan aka yanke cewa rabon kowa gefe ɗaya ne na kaset ɗin Mainasara. In maɓalli ya yi ƙas, a ɗage mesa a kai gonar na gaba. Shekara biyar ba wanda ya taɓa musa masa.

Sai wata Laraba a watan Maris. Tafki ya ja baya, man da ke cikin injin bai fi na zagaye ɗaya ba. Mesa na gonar Surajo, yayan Fatima. Sabo ne na gaba, tumatirinsa ya kwana uku ba ruwa, ganye duk ya langaɓe.

Mainasara na zaune gindin mangwaro ya ji fiyanon ya yi nauyi, yana jan ƙafa. Batir ne ya yi sanyi. Kiɗan na tafiya a hankali, rabon Surajo yana ƙara tsawo. Ba wanda ya lura sai shi. Ya dubi surukinsa, ya dubi Sabo da ke tsugune yana murza busasshiyar ƙasa a tafin hannu. Ya sa yatsa ya kashe.

"Yaya, lokaci ya yi."

Surajo ya ɗago. "Ƙas ɗin da na ji, na kaset ne ko na yatsanka?"

"Nawa ne. Batir ya mutu, kiɗan ja yake. Da tuni ya ƙare."

"Kiɗan aljanun naka har yana da daidai da ba daidai ba?"

Sabo ya riga ya kama mesa. Surajo ya taka ta da ƙafa, fartanya a hannu.

"Sake ta, Sabo."

"Ɗage ƙafarka dai. Surukinka ne ya faɗa, ba ni ba."

"Me ka ba shi?" in ji Surajo.

Sauran manoma suka taso. Wani ya ce doka ƙas ce, ba kunnen mutum ba. Wani ya ce in Mainasara zai riƙa kashewa da hannu, ina bambancinsa da mai murza agogo? Injin na ta ci, mai na ta ƙonewa, ruwa na malala a kan hanya tsakanin gonakin biyu.

Mainasara ya hango rediyon Ɗantani mai tireda rataye a kekensa. "Malam Ɗantani, ara mini batir ɗinka."

Ya karɓi batiran ya riƙe. Ya bar tsofaffin a ciki tukuna, ya kunna. Fiyano ya fito kamar mai ciwon baya.

"Kun ji wannan?"

Ya cire, ya zuba sababbin, ya danna. Sautin ya zabura sama, ganga ta kwasa da gudu. Har Sabo sai da ya ja da baya.

Surajo ya daɗe yana kallon rakodar. Sannan ya ɗage ƙafa, ya sunkuya ya ɗauki mesa da kansa, ya wurga ta cikin fangalin Sabo.

"Ku kunna masa daga farko," in ji shi, bai dubi kowa ba.

Man ya kai Sabo har ƙarshen gefensa. Washegari sauran manoman suka sake miƙa wa Mainasara aikin rabon ruwan, ya riƙe har 1996 da kowa ya sayi injinsa. Surajo ya fita daga haɗakar a ranin nan. Da aka yi sunan 'yar Fatima, ya aiko da goro, bai zo ba.