Simintin Ɗakin Inna

Na daɗe ina koyar da Turanci a wata sakandare a Gwarzo, kuma akwai darasin da nake ji da shi. Sai in rubuta "a step forward" a allo, in ce wa ɗalibai ma'anarsa biyu ce. Ta farko, in ɗaga ƙafa in taka gaba, su kwashe da dariya. Ta biyu, ci gaba a rayuwa. Misalina kullum ɗaya ne: na fasa daɓen ɗakin mahaifiyata na zuba mata siminti. In faɗa ina wani gyara wuyan riga. Yanzu na daina ba da misalin nan, kuma wallahi har yau ban san ko daidai ne ko kuskure ba.

Inna ce uwar daɓe a ƙauyenmu, can wajen Durun. Duk yarinyar da za a kai ɗaki, sai an aiko wa Inna da goro. Ta je ta murza tsakuwar da aka zubo, in ba ta yi mata ba ta ce a sake. Ranar aiki a kori maza kakaf, don waƙoƙin da ake yi ba na kunnenmu ba ne. Mata su jeru a durƙushe, kowa da madaɓinta na itace, a fara daga ƙuryar ɗaki ana bugu ana ja da baya, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har a fito. Inna ke ba da waƙa, ita ke yin bugun ƙarshe a bakin ƙofa. Ranar ko matar dagaci ba ta yi mata musu.

Da na kama aiki sai na ga ai abin kunya ne, uwar malami guda tana kwana a kan ƙasa. Na bari sai da ta tafi bikin suna a Masanawa, na loda siminti a a-kori-kura, na taho da birkila. Ya sa diga, daɓe ya ce bai san zancen ba. Yana haki ya ce, "Malam, wa ya yi wannan? Ai dutse ne!" Na ce ya daina surutu ya fasa. Da ya zo shafe simintin, shi ma daga ƙurya ya fara, da baya-baya ya fito. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

Inna ta dawo ta tsaya a ƙofa. Ta tuɓe takalmi, ta taka, ta zagaya. Ta ce, "Allah ya yi albarka. Akwai sanyi." Ni dolo na ɗauka yabo ne.

Ashe gari na kallo. Tunda uwar daɓe da kanta siminti ne a ɗakinta, wa zai yarda a kai 'yarsa kan tsakuwa? Bikin da ya biyo baya, birkila aka kira. Na bayansa ma haka. Goro ya daina zuwa gidanmu. Inna takan je biki ta zauna cikin tsofaffi, a miƙo mata tuwo kamar kowa.

To, nan fa kaina yake ɗaurewa. Simintin nan ya fi sauƙin shara. Gara ta daina cin tabarma. Gwiwoyin Inna da ma sun fara ciwo. Yayata takan ce, "Kai dai ka cika neman abin damuwa. Ko ba kai ba siminti zai zo, a Kabo wa ke daɓe yanzu?" Gaskiya ta faɗa. In na saurare ta sai in ji sanyi a raina, in na hau babur zan koma Gwarzo kuma abin ya dawo. Zai zo ɗin, na yarda. Amma dole sai ta hannuna, kuma ta ɗakinta?

Na sha shirya tambayar Inna. In na zauna gabanta sai gaisuwa ta cinye lokacin: ya makaranta, ya yaran, ya ruwa. Ita ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ina tsoron amsar.

Wata Asabar bayan girbi na je gida, na yi sallama, shiru. Sai na ji bugu ta bayan ɗaki, tim, tim, a hankali. Rabona da jin ƙarar nan na manta. Na zagaya. Inna ce a durƙushe cikin 'yar rumfar da take ɗaure awaki, ta zuba tsakuwa, ga kwanon makuba a gefe, tana daɓe wa awaki wurin kwana. Ita kaɗai, ba waƙa. Ta bugi nan, ta huta, ta ja gwiwa baya.

Na tsaya a bakin rumfar, a bayanta. Tausayi da kunya suka rufe ni. Na rasa ko in karɓi madaɓin, alhali ban iya ba, ko in ce ta bari zan turo birkila. Wallahi sai da maganar birkilan ta zo min har baki.

Ta ci gaba da ja da baya har dugaduganta suka taɓa takalmina. Ba ta waiwayo ba.

"Ɗan nan," ta ce, "matsa mana. Ka tare min hanya."

Na matsa.