Rubutun da Bai Fita a Takarda Ba

Har yau in na canza sikelin zane a kwamfuta, wato ma'aunin girmansa a takarda, sai na ji kamar wani yana tsaye a bayana yana leƙe. Na waiwaya ya fi a ƙirga.

Mai zanen gini ne ni, a wani ofishi a Tambuwal, kuma ni na fara iya zane da kwamfuta a cikinmu. Kaina ya kumbura, ba na musu. Sati guda na yi ina haɗa tamfilet, wato fayil ɗin da kowane sabon zane zai tashi daga kansa: kaurin layi, girman rubutu, akwatin sa hannu. Na ɗaure rubutun da sikelin ɗaya bisa ɗari, don kada ya fito ƙanana kamar tururuwa. Wanda ya taɓa min tamfilet, ranar sai an ji mu.

Aka ba ni zanen katangar wata firamare a wani ƙauye bayan Kebbe, ta hanyar Fakku. Ina cikin awo wani dattijo ya kama hannun rigata.

Ya ce, "Ɗana, taho ka gani."

Ya kai ni kusurwar gabas. Ni dai sabara na gani da tsakuwa.

"Wanga wuri maƙabartarmu ta da ce. Ƙasa ta shafe, sai mu tsofaffi munka sani. Innata na nan, daura da aduwar can, nan nika tsayawa in yi mata addu'a. Kada gininku shi taɓa su."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Da hannuna zan rubuta."

Kuma wallahi na rubuta. Layin katangar ba ni da ikon gusar da shi sai oga ya amince, don haka na sa gargaɗi da manyan baƙaƙe: tsofaffin kaburbura, kada a haƙa nan sai an zo an duba. Na bar maganar sai ogan ya ga zanen.

Ran Juma'a ogan ya leƙo, ko zama bai yi ba, ya ce makarantar duka ta shiga takarda ɗaya. Na mai da sikelin ɗaya bisa ɗari biyar. To, ga halin abin: rubutun da ka ɗaure da sikeli guda, in ka koma wani sikelin da ba ka ƙara masa ba, ɓacewa yake. Yana nan cikin kwamfuta, amma ido ba ya ganinsa. Lambobin awo na lura sun ɓace, na dawo da su. Gargaɗin yana can gefe shi kaɗai, ban tuna da shi ba. Aka kira salla, na buga takarda, aka sa hannu, na miƙa wa ɗan kwangila.

Bayan sati uku ɗan kwangilar ya kira ni, ya ce in zo maza, an haƙo kabari. Na hau babur. Na tarar da leburori zaune nesa da ramin harsashi, diga da shebur a yashe, an rufa tabarma a kan wani sashe.

Na hau ɗan kwangilar da faɗa. "Makaho ne kai? Ko karatun ne ba ka iya ba?"

Ya warware takardar ya miƙo min. Kusurwar gabas fari fat. Har juya ta na yi na duba bayanta, kamar wawa.

Liman ya zo da manyan gari, aka kawo sabon ƙyalle, aka tattara abin da diga ta fito da shi aka mayar. Dattijon na cikinsu. Ni kuwa na laɓe bayan babur ɗina, kunya da tsoro sun hana ni matsawa.

Da na koma ofis na buɗe zanen, na mai da shi ɗaya bisa ɗari. Sai ga gargaɗin ya bayyana, baƙi ƙirin, ba harafin da ya ɓata. Na daɗe ina kallonsa. Ranar na gyara tamfilet ɗin, duk wani gargaɗi ya fito a kowane sikeli. Aka gusar da katangar. Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba, wannan ne ke ci na.

Sai da na yi kwana takwas kafin na iya komawa. Na sami dattijon a ƙofar gida yana tufka igiya. Na durƙusa, na fara ba shi labarin sikeli, na ji kaina ina zuba kamar mai tallar magani, sai na katse zancen.

Na ce, "Baba, laifina ne. Ka yafe min."

Ya ce, "Na yafe, ɗana. Allah shi yafe muna baki ɗaya."

Ya ci gaba da tufkarsa. Har na yunƙura zan tashi, sai ya ɗago kai.

"Kabari ukku anka taɓa. Ba a gane na wane da na wane ba, munka haɗa su rami guda. Kai da kay yi karatu, gaya min. In na tai gaida innata yanzu, ina za ni tsayawa?"