Barkonon Yaya

Duk wanda ya shiga ɗakin Mai Guga a hawa na uku sai ya bi a karkace, don gwangwanaye sun cinye hanya. Shekara da shekaru tana goge kayan mutanen gidan, da shi take ci, amma zuciyarta tana wajen irin shuka. Kwalin ƙwai, gwangwanin madara, kofin roba da ya tsage, duk ta huda gindinsu ta cika da ƙasa. A kan firji take jera su, domin ta lura saman nan ba ya rabuwa da ɗumi. Da tsiro ya leƙo sai ta mayar da shi bakin taga, kullum da safe ta juya gwangwanin kada ya karkata wajen haske, sannan ta bi kawunansu tana shafawa.

"Mama, yau kuma tsiro ake lallashi?" in ji 'yarta.

"Ke dai bari. Iska nake koya musu kafin su fita."

Cikin duk abin da take shukawa babu kamar barkonon marigayiya yayarta, wani ɗan gajere mai ƙamshi da ba ta taɓa gani a kasuwa ba. Ɗan ragowar irinsa ne a ƙulli, ya kuma tsufa. A shekarar nan ta zuba shi duka, ta san in bai yi ba shi ke nan.

Ya fito kuwa, bibbiyu a rami. Masu renon tsiro sukan tsinke mai rauni don ƙaƙƙarfan ya samu wuri, ita kuwa hannunta ba ya iya wannan. Da gindin cokalin shayi take ɗago ramammen, ta ba shi kofinsa, ta sauka tana ƙwanƙwasa ƙofofi. Tela ya karɓa don kunya. Mai gadi ya rantse ko ciyawa ba ta rayuwa a hannunsa, ta ajiye masa a bakin benci ta wuce. Har ta kai in an ji ƙarar silifas ɗinta a bene sai a yi tsit.

Ana haka zazzaɓi ya kwantar da ita a asibiti. 'Yar ta ga tsiron sun yi fari, tausayi ya kama ta, ta kwashe su gaba ɗaya ta kai baranda su sha rana. Tsiron ɗaki kuwa kaɗan-kaɗan ake saba masa da rana. Kafin yamma sun ƙone.

Mai Guga ta dawo ta tarar da busassun zare a gwangwani. Ba ta yi faɗa ba. "Don alheri kika yi," ta ce, ta juya tana share ido da gefen mayafi. Ji ta yi kamar yau aka rufe yayarta, ta daina ko kallon taga.

Watanni sun shuɗe, sai ga mai gadi a ƙofa, hularsa a hannu cike da jan barkono.

"Baba, ga ramammen nan da kika ɗora mini. Wallahi sau da yawa na so in jefar, kunyarki ta hana."

Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci. Ƙamshin ne, babu tantama. Ta tsaga shi da farce, ta karkaɗe 'ya'yan a kan faranti. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Waye kuma ba shi da shi a gidan nan?"