Matar da Ta Durƙusar da Roland Bilodeau

Duk mai bin titin kwaleji da safe ya san tsohuwar motar Farfesa Judith Ackerly, domin tun daga gada ake jin tarinta. Takan ajiye ta can ƙarshen fili, kusa da ɗakin tukunyar ɗumama gini inda nake aiki, ta fito da jakar littattafai a kafaɗa, ta taka ƙanƙara a hankali. Da safe Faransanci take koya wa 'yan ajin farko. Bayan abincin rana sai adabi, ita da ɗaliban da ba su cika benci biyu ba. Ranar Talata ta kwashe su zuwa gidan kula da tsofaffi na bakin kogi, su yi wa tsofaffin karatu da hira. Haka take yi tun ina da gashi a kai. A watan Mayu za ta ajiye aiki, sashen harsuna kuma ya rufe a bayanta.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Amma na ga masu karatun sun yi shiru, shi ya sa na ɗauki biro.

Rabin garin nan na jihar Maine ta Amurka jikokin mutanen Kebek ne, yankin masu Faransanci na Kanada, da suka sauko aikin masaƙa. Da Faransanci iyayenmu suka yi addu'a, da shi suka yi faɗa. Mu aka yi mana dariya a makaranta, muka yar da shi, abin da ya rage a bakinmu daga zagi sai sunayen abinci. Sai ga mace daga jihar Ohio, ba ta haɗa jini da kowa a cikinmu ba, ita ce ta sunkuya ta tsince shi.

Roland Bilodeau, mai sayar da man ɗumama gida, yana cikin kwamitin da ke riƙe da kwalejin. Tare muka tashi da shi. Ranar da aka zauna a kan rufe sashen, ina ɗakin ina ɗaure wani bututu, na ji shi da kunnena.

"Farfesa, ba raini ba," in ji shi, "wa ya taɓa samun aiki don ya haddace waƙar wani da ya mutu a Paris? Ni a cikin yaren nan aka haife ni, ban ga abin da ya tsinana mini ba. A koya wa yara walda da jinya."

Aka yi dariya. Ta ce, "Na ji, Mista Bilodeau." Ta tattara takardunta. Da aka zo ƙuri'ar rufewa, hannunsa ne ya fara tashi.

Ba a yi nisa ba abin ya zo masa har gida. Mahaifiyarsa, Cécile, tana gidan tsofaffin nan, kuma cikin hunturu, saboda tsufa, Turanci ya zube daga kanta kaf, kamar yadda yake yi wa da yawa daga cikinsu, ya bar ta da harshen da ta sha a nono. Kwaleji na hutu, babu masu zuwa Talata. Bayan Kirsimeti ta daina cin abinci. In Roland ya zo, sai ta kama hannun rigarsa ta riƙa ja ƙasa, tana maimaita magana ɗaya tana hawaye. Shi kuma ya ɗauka wani abu ne ya faɗi. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ɗaga mata silifa, ya ɗaga carbi, ta kau da kai. Likita ya ce in aka ci gaba haka, sai dai a sa mata roba ta hanci.

Darlene, mai jinyar da ke kula da ita, ba ta tauna magana.

"Roland, kai da tumbinka da tankokinka, ba ka jin abin da uwarka ke faɗa? Kira Farfesa."

"Da wane bakin?"

"Da wanda ka kore ta da shi."

Bai kira ba. Wurina ya zo wai in roƙar masa, tunda muna gaisawa da ita. Na ce masa ni ba ɗan aikensa ba ne. Safiyar sabuwar shekara ya tuƙa motarsa har ƙofar gidanta, ya kasa fita. Yana zaune, inji na aiki, yana kallon sitiyari, har ta gaji ta fito ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Mista Bilodeau, ko ka shigo ko ka kashe motar. Hayaƙinka ya ishi maƙwabta."

Ya sauke gilashin. Duk jawabin da ya shirya ya gudu. "Mamata ce," ya ce.

"Bari in ɗauko takalmina."

A ɗakin, Farfesa ta jawo kujera ta yi wa tsohuwar magana, ba da Faransancin littafi ba, da na 'yan masaƙa da ta koya a bakin tsofaffin nan. Cécile ta buɗe ido, ta kama magana kamar an cire toshiya. Roland na tsaye jikin bango riƙe da hularsa, baƙo a gaban uwar da ta haife shi.

Farfesa ta juyo. "Ta ce yau sabuwar shekara. A gidanku babban ɗa ne ke durƙusawa gaban uba ya roƙa wa gida albarka. Babanka ya rasu, albarkar tana hannunta, ta ce ba za ta ci komai ba sai ta sauke ta. Ba wani abu ne ya faɗi ba. Kai take ja ka durƙusa."

Ya tuna. Yana yaro ya yi, shekara bayan shekara. Da ya fara gemu ya ce wa uban wannan abin ƙauye ne, uban bai ƙara tayar da maganar ba har ya mutu.

"Na manta yadda ake faɗa," ya ce.

"Zan faɗa, ka bi ni."

Ƙaton mutumin ya dafa ƙarfen gado ya sauka, gwiwoyinsa na ƙara. Farfesa ta faɗa, ya maimaita, kalma bayan kalma. Tsohuwar ta yi wata magana tana dariya.

"Me ta ce?"

"Ta ce kana magana kamar mai tauna dankali, amma ta karɓa."

Cécile ta ɗora hannu a sanƙonsa, ta yi masa alamar gicciye, ta sa masa albarka da shi da 'ya'yansa. Ta gama, ta ce a kawo mata miyar wake. Sai da Darlene da Farfesa suka kama Roland kafin ya miƙe. A baranda ya fara, idonsa a ƙasa, "Farfesa, maganar da na yi a taron nan..."

"Je ka ba ta miyar kafin ta huce."

Shi ya ba ni labarin, ya ce in rubuta har da sunansa. Ya koma kwamiti ya nemi a sake zama, aka ce an riga an raba ajujuwan. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba abin da ya gyaru.

Ke ce, Farfesa, kika riƙe mana abin da muka jefar, ba ki taɓa goranta mana ba. Ke ce mai jin tsofaffi in 'ya'yansu sun kurmance. Mun ba ki ɗakin da ya fi kowane sanyi a ginin, mun yi dariya ranar da ya kamata mu tashi tsaye, kika amsa da zuwa ranar hutunki. Mun gode. Godiyar ta makara, mun sani, amma ki karɓa.

Ku kuma 'yan garinmu, kada ku tsaya ga yi mata tafi ranar walimar bankwanarta. Mu muka rufe sashen nan. Daga Mayu babu wanda za mu je mu zauna a ƙofarsa, kuma akwai sauran tsofaffi a bakin kogi suna magana ba mai amsawa. Kowa ya je ya zauna gaban nasa tun yana da rai, ya buɗe baki ko da dariya za a yi masa.