Ɗakin da Na Kama wa Auta a Indiya

Ni ban taɓa wuce Kaduna ba, amma na taɓa kama ɗaki a Indiya.

Auta, 'yata ta ƙarshe, da huji a zuciya aka haife ta. Daga bakin rijiya zuwa ƙofar ɗaki in ta yi gudu, sai leɓenta ya yi baƙi, ta tsuguna tana haki. Likita ya ce sai aiki, aikin kuma sai Indiya. Maigidana ya sayar da shanun huɗar da ɓarayin daji suka rage mana, dangi suka yi karo-karo, aka damƙa kuɗin a hannun yayansa. Shi ne babba, a gidanmu ko akuya ba a sayarwa sai da yawunsa. Kuɗin ya isa jirgi da aiki. Masauki ne ya gagara, ga shi an ce za mu daɗe can.

Wata nas 'yar Gbagyi ce ta ja ni gefe a asibitin Kaduna. Ta ce kusa da asibitin da za mu akwai gidan sistoci, matan cocin nan da ba sa aure, suna sauke masu jinya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta ba ni lamba, ta ce in rubuta da wuri, in faɗi ranar zuwa, in kuma gaya musu abin da ba ma ci.

Sabis kuwa a Birnin Gwari sai an yi farautarsa. Ina tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in hau tudu, in ɗaga waya sama, masu wucewa suna kallona kamar mai taɓin hankali. Ran nan wata tsohuwar sista ta amsa. Ta ce akwai ɗaki mai gado biyu, akwai murhun da zan dama wa Auta kunu. Ta turo hoto.

Murna ta sa na miƙa wa matan gida wayar. Daga wannan hannu zuwa wancan, har ta kai zaure wurin Yaya. Wallahi ni gadon kawai na gani, da farin zani a kai. Shi kuwa bango ya duba, ya hango ɗan gicciyen katako a rataye.

Aka kira ni, na durƙusa.

"Wato jininmu za ki kai ya kwana a ƙarƙashin wannan?" in ji Yaya.

"Yaya, kwana ne kawai. Sallarmu za mu yi."

"Boko ya yi miki yawa. Tashi ki ba ni wuri."

Na koma tudu, na rubuta wa sistar ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Baiwar Allah ba ta ji haushi ba. Ta cire gicciyen, ta shimfiɗa dadduma, ta sake turo hoto. Da rawar jiki na kai wa Yaya. Ya ƙura wa wayar ido, ya ce, "To, ƙusar fa? Wa take jira?" Mazan zauren suka kwashe da dariya. Maigidana yana cikinsu. Bai yi dariya ba, amma sai ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da tsinke. Na tsane shi a ranar, kuma har yau ban gama hucewa ba.

Yaya ya yanke hukunci: otal za mu sauka, a jira kaka a sayar da masara a cika kuɗin. Gonar tana wajen Kakangi, kuma ko yaro ya san wa ke iko da gonakin nan. Masara ta nuna, ɓarayi suka ce duk wanda ya shiga kada ya yi kuka da kowa. Ranar aikin ta zo ta wuce muna gida. Auta ta daina gudu, ta daina zama. Wata rana da hantsi ta cika a kan cinyata.

Wurin zaman makoki ina jiyo muryar Yaya ta katanga yana ce wa masu gaisuwa, "Alhamdu lillahi, a ɗakin Musulmi ta cika." Suna ta amsa masa.

Da azumi ya kama ya tafi Umara da kuɗin. Ya ce ai na gida ne, kuma mai shi ta riga mu gidan gaskiya. Da ya dawo aka tara mu rabon tsaraba, kowane yaro da rigarsa. Ya miƙo mini carbi, ya ce ya yi wa Auta ɗawafi. Na tsaya ƙiƙam, hannuna ya ƙi ɗagawa.

Maigidana ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya ce, "Ba za ki yi wa Yaya godiya ba?"

Na durƙusa na yi.